Shekara tara a kan allo ɗaya, bana ina son koyon siki: wane kaya zan fara saya?

Ɗan Fagge (Innsbruck)

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Tambayata tana da ɗan tsawo, ku yi haƙuri da ni, musamman mazauna kusa da duwatsu.

Wannan hunturun shi ne na goma da zan yi a Tirol, a ƙasar Ostiriya. Tun shekarar farko wani abokin aikina ya ɗora ni a kan sinobod, allon nan guda ɗaya da ake ɗaure ƙafa biyu a kai a riƙa zamiya a gicciye. Shekara tara ke nan ina kai, kuma ba yabon kai ba, babu wani daɓaɓɓen gangare, wato wanda inji ya daɓe ƙanƙararsa don masu zamiya, a kewayen garin nan da yake ba ni tsoro, daga Axamer Lizum har Nordkette. Shekara uku da suka wuce na sayi allo mai rabuwa biyu, wanda ake tsaga shi a hau dutse da shi a ƙafa, in an kai sama a haɗe shi a sauko.

Abin da ya sa na zo gare ku shi ne wata tafiya da muka yi a watan Maris a kwarin Sellrain. Abokan tafiyata huɗu, duka 'yan siki, masu ɗaura dogon katako ɗaya a kowace ƙafa. Da sassafe ƙanƙarar ta daskare kamar kwalba, ga shi dole mu ratsa wani gangare a kaikaice. Su sun wuce abinsu. Ni kuwa takalmina mai laushi sai lanƙwashewa yake a idon sawu, bakin allon ya ƙi cizon ƙanƙara, ƙafar ƙasa tana ta zamewa. Da muka kai sama, kafin in gama kwance maɗaurai in haɗa allon da hannu tsirara cikin iska, sun daɗe da shiryawa suna jirana. A ƙarshen hanya kuma akwai shimfiɗaɗɗen kwari, suna tura kansu da sanda, ni na kwance allo ina nutsewa har gwiwa. Babu wanda ya ce uffan, amma na ga sanyin da na sa suka sha.

Na ware Yuro 1,800. Niyyata in sayi siki mafi rashin nauyi, da maɗauri mai ƙusa, da takalmin hawa, in koyi zamiyar a kansu kai tsaye, kada in yi kashe kuɗi biyu. Wane faɗi ya dace? Wane maɗauri? Allah ya saka da alheri.

Badamagare (Grenoble)

Wa alaikumus salam ƙanena. Shekarata goma sha bakwai a nan, sha biyar daga ciki ina hawa da fata. Zan gaya maka abin da ba ka tambaya ba kafin wanda ka tambaya: kada ka sayi komai cikin wannan jerin tukuna.

Siki mara nauyi an yi shi ne don hawa. Wurin saukowa shi ya fi kowane wuyar sarrafawa. Yana karkarwa a kan daskararriyar ƙanƙara, duk ɗan tudun da ya ci karo da shi sai ya ture shi. Wanda ya ƙware yana rufe wannan giɓi da ƙafarsa. Kai kuwa ba za ka iya rabe kuskurenka da laifin kayan ba, sai ka shekara kana gyara abin da ba shi ne matsalar ba.

Ga abin da ya fi damuna game da irinku. Na koya wa mutum uku da suka baro allo. Dukansu sun fi sabon shiga saurin kamawa nesa ba kusa ba, don sun san yadda bakin ƙarfe yake cizo, sun san ta inda gangare yake jan mutum, gudu kuma ba ya firgita su. To nan haɗarin yake. Idonka na shekara tara ne, ƙafarka ta kwana uku. Ido zai ga gangare ya ce wannan ai ba komai, ƙafa ba ta san da zancen ba.

Ka yi hayar siki na daɓaɓɓen fili na hunturu guda, shaguna da yawa suna bayarwa. Ka biya malami darasi uku ko huɗu. Ka yi kwana ashirin a fili kafin mu yi zancen faɗi.

Bazazzagi (Tromso)

Ni fa ban ga dalilin barin allon ba kwata-kwata. Ɗan Fagge, duk abin da ka lissafa laifin takalmi ne, ba na allo ba. Mu nan Lyngen da yawa mun koma sa takalmin siki mai tauri a kan allo mai rabuwa. Kamfanonin Phantom da Spark R&D duk suna yin maɗaurin da ya dace da haka. Wurin hawa yatsunka a ƙusa suke kamar na kowane ɗan siki, ratsa gangare ya zama da sauƙi, nauyi ya ragu. Ka ƙara da ƙarfen nan mai haƙora da ake sa wa allo in ƙanƙara ta daskare, magana ta ƙare.

Ka tuna abin da za ka bayar. Shekara tara ka yi kafin ka kai inda sabuwar ƙanƙara mai laushi take ɗaukarka kamar kwalekwale. A kan siki, kafin ka sake jin wannan daɗin sai ka yi hunturu uku ko huɗu, in ma ka ji. Saboda abokai sun jira ka minti biyar? Haɗa allo ai aikin hannu ne. Ka zauna a falo da safar hannu ka yi ta haɗawa kana warewa har hannu ya haddace.

Ɗan Fagge (Innsbruck)

Bazazzagi, na gode, kuma ka taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Na yi tunanin takalmi mai tauri. Sai dai shi ma ba zai magance shimfiɗaɗɗen wuri ba, kuma burina nan gaba in yi tafiyar kwanaki daga bukka zuwa bukka, irin wadda ake yi daga Chamonix zuwa Zermatt. Na san akwai masu yin ta da allo, amma hanya ce mai yawan ratse da hawa da sauka gajeru. Allona ba zan sayar ba. Ranar da sabuwar ƙanƙara ta zubo shi zan ɗauka.

Yaya Badamagare, maganarka ta shige ni, amma kuɗin fa? Haya da darasi za su cinye kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da na ware.

Ɗaliba a Munik

Don Allah ku gafarce ni, bara na zo Jamus, ina karantawa amma rabin zancen yana wuce ni. Mece ce fata? Kuma ta yaya mutum zai hau dutse da abin da aka yi don zamewa?

Badamagare (Grenoble)

Ƙanwata, tambaya mai kyau. Fata wani dogon ƙyalle ne mai gashi, ana manna shi a ƙasan siki da gam. Gashin a kwance yake ya fuskanci baya, kamar na akuya: shafa ta daga wuya zuwa wutsiya hannu ya wuce sumul, juyo da hannun ki ji ya turje. Haka siki yake zamewa gaba, ya ƙi komawa baya. A da fatar wata dabbar tekun ƙasashen sanyi ake yankawa, shi ya sa Faransawa har gobe suke ce mata peau de phoque. Yanzu da nailan ake yi, ko da gashin akuyar Angora, ko a gauraya. Gashin akuya ya fi sulɓi, nailan ya fi riƙo da ƙarko. Mai koyo ya sayi gauraye, wanda akuyar ta fi yawa.

Shi kuma maɗauri mai ƙusa, ƙananan ƙusoshi biyu ne suke kama takalmi ta gefen yatsu, dunduniya ta zama a sake, mutum ya riƙa jan ƙafa kamar mai tafiya da silifa. In an kai sama a ɓare fatar, a kulle dunduniya, a sauko. Wani mutumin Tirol, Fritz Barthel, shi ya ƙirƙiro shi a shekarun 1980, kamfanin Dynafit ya yaɗa shi. Kin ga ɗan'uwanmu a mahaifar abin yake zaune.

Ɗan Fagge, kuɗin haya ba asara ba ce, kuɗin makaranta ne. Kuma ka jira maganar Hajiya ta Calgary, na san za ta shigo.

Maman Hanif (Calgary)

Ga ni, Malam. Sallama ga kowa. Aikina gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi ne, kuma daga Disamba zuwa Afrilu mutanen da suka dawo daga Banff da Kananaskis su ne rabin masu zuwa wurinmu.

Ƙanena, raunin 'yan allo da na 'yan siki ba ɗaya ba ne. Ku wuyan hannu da kafaɗa kuke karyawa, don ƙafafunku a haɗe suke, hannu ke tarar ƙasa. Ɗan siki gwiwa yake rasawa. Kowace ƙafa tana da dogon katako nata, in ɗaya ya kama ƙanƙara ya juya, gwiwa ce take murɗewa. Akwai wata jijiya a tsakiyar gwiwa da take hana ƙashin ƙwauri zamewa gaba. In ta tsinke aka yi aiki, ana maganar wata tara ko fiye kafin mutum ya koma wasa, wasu ma gwiwar ba ta komawa yadda take.

Yadda abin yake yawan faruwa shi ne mutum ya tafi da baya kamar zai zauna, ɗuwawu ƙasa da gwiwa, sai ya yi yunƙurin miƙewa alhali yana kan zamewa. Wutsiyar siki ta kama, shi ke nan. Ku 'yan allo kun saba da jingina nauyi a ƙafar baya cikin ƙanƙara mai laushi, kun kuma saba da faɗuwa ku miƙe ba tare da kun tsaya ba. Waɗannan ɗabi'u biyu sai ka yaƙe su da gangan. In ka faɗi, ka bari ka gama faɗuwa.

Shi ya sa nake tare da Malam. Maɗaurin daɓaɓɓen fili an ƙera shi ne ya saki takalmi idan murɗawa ta kai wani mizani, kuma shago yana saita shi gwargwadon nauyinka da tsayinka da tsawon takalminka. Masu ƙusa marasa nauyi suna saki, amma ba su da sassaucin nan na ɗan bayarwa su dawo. Mai koyo zai faɗi sau ɗari a hunturun farko. Ka yi waɗannan faɗuwar a kan abin da aka yi dominsu.

Bazazzagi (Tromso)

Hajiya ta ƙara ƙarfafa maganata ke nan. Mutum yana da gwiwa lafiyayya, zai kai ta inda ake tsinka ta. Amma tunda ka ƙudura, ga tawa gudummawar: me zai hana ka sayi maɗauri mai fuska biyu, irin Shift na Salomon? Hawa da ƙusa, sauka kamar na fili. Siki ɗaya ya yi maka aikin biyu, ba haya, ba kashe kuɗi biyu.

Badamagare (Grenoble)

Wannan shawara ce ta gaskiya, ba zan kushe ta ba. Shift ya fito a 2018 kuma ya amfani mutane da yawa. Sai dai ka san abin da kake saya. Kowane ɗaya ya kusa giram 900, alhali masu ƙusa na yau da kullum suna tsakanin 300 da 600. Nauyin da ke ƙafa kuwa ba kamar na jaka ba ne, kowane taku sai ka ɗaga shi. A hawan mita 1,200 za ka ba da labari. Sannan ba kowane takalmin hawa yake shigarsa ba. Marasa nauyin nan da aka datse musu baki da dunduniya ba sa zama. Dole tafin takalmin ya cika ƙa'ida, irin ISO 9523, sai ka duba kafin ka biya.

Ga wanda rabin kwanakinsa a lif yake, injin da ke kai masu zamiya saman fili, ya dace. Ga mai burin Zermatt, bayan shekara biyu zai sake saye.

Yanzu bari in zo kan abin da zan yarda ka saya bana, wato takalmi. Shi ne abu ɗaya da ba a aro, ba a saya ta intanet. Ni na yi wannan kuskure. Na ga ragi a wani shago na saya da girma ɗaya sama da nawa, don na ji daɗinsa a tsaye. Hawan farko, daga Col de Porte zuwa Chamechaude, ko mita 800 bai cika ba, dunduniyata tana ta goga a ciki. Da na cire safa a mota, bororo biyu sun fashe, safar ta manne da jini. Wurin saukowa kuma ƙafa tana yawo a ciki, in na ce wa siki juya sai ya ji saƙon a makare.

Ka je wurin mai gwada takalmi da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da siririyar safa guda. Zai auna ƙafarka da santimita. Ka sa ya zare rigar cikin, ka zura ƙafa a kwanson tsirara, yatsu su taɓa gaba, ya duba bayan dunduniya: yatsa ɗaya zuwa biyu ya shiga, ba fiye ba. Mu da muka tashi da silifa da fade, na lura ƙafarmu ta fi faɗi a gaba, kuma yawancin takalman nan matsattsu ne. Kada ka ƙara girma don faɗi. Ana gasa kwanson a buɗa shi daidai inda yake matsa. Ka zaɓi mai matsakaicin nauyi, mai maɓalli huɗu ko uku masu ƙarfi, wanda yake da ramukan ƙusa kuma yake shiga maɗaurin fili na zamani. Da shi za ka koya a kan sikin haya, da shi za ka hau daga baya.

Kawu (Gwammaja, Kano)

Assalamu alaikum. Ni ɗana ne ya sa ni a zauren nan don in riƙa jin labarinku, ba na yawan magana. Amma yau na kasa shiru. Tun ɗazu ina karanta zancen tsinkewar gwiwa da jini a safa. Kuma muna ji a rediyo dusar ƙanƙara tana zaftarowa ta binne mutane a waɗannan duwatsu. 'Ya'yana, neman ilimi da abinci ya kai ku. Iyayenku suna nan suna muku addu'a dare da rana. Allah ya hana mu jefa kanmu cikin halaka. Wane amfani ke cikin hawa dutsen da babu kowa, babu gona, babu kasuwa? Ba faɗa nake ba, tsoro nake ji muku.

Ɗan Fagge (Innsbruck)

Kawu, Allah ya ƙara girma, ya bar mana ku. Mahaifiyata ma haka take faɗa min, kuma ba na ɗaukar maganar da wasa. Zan faɗi gaskiyata. Hunturun farko da na yi a nan, ƙarfe huɗu da rabi duhu ya yi, daga aiki sai ɗaki, ban san kowa ba, har na fara tunanin tattara kayana. Dutsen nan shi ya fitar da ni cikin mutane, ya ba ni abokai da lafiyar jiki. A garin nan tsofaffi masu shekara saba'in suna hawa, kamar yadda ake fita kilisa a gida. Haɗarin yana nan, ba na musu. Ku ci gaba da sa mu a addu'a.

Badamagare (Grenoble)

Kawu ya fi mu gaskiya a abu ɗaya, kuma ina jin kunya da muka yi ta zancen takalmi ba mu fara da shi ba. Ɗan Fagge, a jerinka ban ga na'urar nema ba, ban ga tsinken bincike ba, ban ga shebur ba. Ina fata don kana da su ne.

Bari in ba ku abin da na gani da idona, a duwatsun Belledonne. Mu biyar ne, sanarwar haɗarin zaftarewar ƙanƙara ta ranar ta ce mataki na 3. Ma'aunin Turai daga 1 zuwa 5 yake, mutane suna ganin 3 tsakiya ce, ba laifi, alhali a wannan mataki aka fi mutuwa, don a 4 da 5 kowa yana gida. Iska ta kwana tana tara ƙanƙara a bayan wani doro. Gangaren bai wuce digiri 35 ba, kuma tsakanin 30 da 45 nan ne yawanci take ɓallewa. Muna sauka ɗaya bayan ɗaya. Na uku yana yin juyi na biyu sai muka ji wani gum a ƙarƙashin ƙafa, tsaga ta gudu a saman ƙanƙara kamar an ja layi da wuƙa, duk shimfiɗar ƙanƙarar ta tafi da shi.

Da ta tsaya, shiru. Babu hannu, babu sanda. Muka juya na'urorinmu zuwa nema. Duk na duniya a zango ɗaya suke magana, kilohaz 457, ko wane kamfani ya ƙera. Lambar da ke nuna nisansa tana raguwa, 20, 11, 4, har ta tsaya ƙasa da 1. Tsinke ya taɓa abu mai laushi a soki na uku. Ƙanƙarar da ta zaftaro ba mai laushin nan kamar gari ba ce da kuka sani, tauri take kamar busasshen laka, sheburin roba da ya karye. Mun buɗe fuskarsa cikin minti bakwai ko takwas, bakinsa cike da ƙanƙara, leɓe ya yi shuɗi. Na sa yatsa na ƙwaƙule, ya ja numfashi. Binciken da aka yi a Suwizalan ya nuna wanda aka tono cikin minti goma sha biyar na farko, fiye da tara cikin goma suna rayuwa, in an kai minti talatin da biyar kuwa sai kusan uku cikin goma. Jirgin ceto ba ya isowa a wannan lokaci. Abokan tafiyarka su ne jirginka.

Mun same shi da wuri ne don sati biyu kafin nan mun yi atisaye a ƙungiyarmu, muna binne jaka muna nema da agogo. Ba a fafe gora ranar tafiya. Amma kuskuren tun a gida muka yi shi, da muka karanta sanarwa muka ga ta ambaci iska da wannan fuskar dutsen, muka tafi duk da haka.

Ɗan Fagge (Innsbruck)

Inna lillahi. Allah ya kiyaye gaba, Yaya. Ina da su duka uku tun da na fara hawa da allo, shebur na ƙarfe, tsinke santimita 240. Ni ɗan ƙungiyar masu hawan dutse ta Alpenverein ne, na yi kwas ɗinsu na kwana biyu, kuma katin yana ɗauke da inshorar ceto. Sanarwar Tirol tana fitowa ƙarfe biyar na yamma, ba na kwanciya ban karanta ba. Amma rabona da atisayen nema shekara biyu ke nan. Zan gyara kafin in sake fita.

Maman Hanif (Calgary)

Ka ƙara da wannan, don ya shafi sauyin da kake son yi. A kan allo, in wani abu ya faru da abokinka a ƙasa, cikin daƙiƙu kake isa wurinsa. A kan siki, a matsayinka na sabo, cikin tarkacen da ya zaftaro, minti nawa za ka ci? Wanda bai iya sauka ba nauyi ne a kan tawaga ranar da aka fi bukatarsa. Kuma mai faɗuwa a tsakiyar gangare yana dukan ƙanƙarar da ƙarfi fiye da mai wucewa sumul. Mu nan ana fara wa kowa da kwas ɗin farko kan zaftarewar ƙanƙara, AST 1 na Avalanche Canada, kuma malaman suna so ka zo ka riga ka iya zamiya.

Kawu, mun ji, kuma mun gode. Ni ma uwa ce.

Bazazzagi (Tromso)

Wannan hujjar ta Hajiya ban da amsarta. To ga sulhu: bana duk fitar da za ka yi bayan fili, ka yi ta da allonka da ka iya. Siki ya tsaya a daɓaɓɓen wuri har sai ka iya sauka kowane gangare mai jar alama, wato mai matsakaicin wahala, ba tare da tunani ba. Mu nan rana ma ba za ta fito ba sai tsakiyar Janairu, lokacinmu Afrilu da Mayu ne. In ka shirya ka zo, ka zo da duk wanda ka ga dama.

Ɗan Fagge (Innsbruck)

Jama'a barkanmu da Sallah, Allah ya karɓi ibadunmu. Na dawo da rahoto bayan wata huɗu.

Na bi shawara. Takalmi kaɗai na saya a Nuwamba, sau biyu ina komawa ana gasa shi a gefen ƙaramin yatsa. Na yi hayar siki, na yi darasi huɗu. Ranar farko malamar ta sa ni tsayuwar garma, bakin siki a haɗe, wutsiya a buɗe, a filin yara. Jamusawa ma garma suke ce mata. Abin da ya fi ba ni wuya shi ne fuskantar gangare da ƙirji. Shekara tara kafaɗata ce a gaba, jikina sai juyawa yake da kansa, sandar hagu tana jan ƙasa a baya. Ta ce in riƙe sandunan biyu a kwance a gabana kamar mai ɗauke da faranti, kada in bari farantin ya kalli gefe. Ta kuma ce in ji ƙwaurina yana danna harshen takalmi koyaushe, in na daina ji to na koma baya. A rana ta shida sikin biyu suka fara tafiya a jere. Na ƙirga kwana 23 a fili.

Da azumi ya shigo a Fabrairu na rage. Amma akwai dararen da aka ware wa masu hawa a gefen fili, sai in sha ruwa, in yi Magariba, in tafi Rangger Köpfl da fitilar goshi da kayan aro. Ana kiyaye dararen da aka ware ne saboda in an rufe fili katafilar daɓe tana aiki da igiyar ƙarfe da ba a gani cikin duhu.

A ƙarshen hunturu shaguna suka yi ragi. Na ɗauki siki mai faɗin milimita 90 a tsakiya, ba mafi rashin nauyi ba, da maɗauri mai ƙusa wanda yake da birki kuma ake saita sakinsa, da fata gauraye, da ƙarfen daskararriya, mai haƙoran nan. Kuɗin ya haura abin da na ware da kaɗan.

Asabar da ta wuce muka hau Lampsenspitze daga Praxmar, sanarwa tana mataki na 2. Hawan kusan mita 1,200 ne, mun yi shi cikin awa uku da rabi. Inda ƙanƙara ta daskare da safe na ratsa ba tare da ƙafa ta zame ko sau ɗaya ba, na tuna Maris ɗin bara. Mun ajiye siki a ƙasan ƙololuwa muka ƙarasa a ƙafa. Wurin sauka, sama ta yi daɗi, rana ta tausasa fuskar ƙanƙara. Can ƙasa inda inuwa take sai muka tarar da mai ɓawo, wadda take ɗaukarka taku ɗaya ta fashe a na biyu. Na faɗi sau uku. Hajiya, duk ukun na bari na gama faɗuwa.

Tambaya ɗaya ta rage. Juyin nan da ake yi a tsaye wurin hawa, in gangare ya yi tsayi: zuwa dama yana fita, zuwa hagu kuwa bakin sikin na biyu kullum sai ya caki ƙanƙarar sama.

Badamagare (Grenoble)

Alhamdu lillahi, barka da Sallah ƙanena. Matsalar daga inda ka tsaya take. Kafin ka juya, ka daidaita sawunka ya kwanta, kada ka fara juyi siki yana kallon sama. Ka sauke matashin dunduniya, abin da ke ɗaga ta wurin hawa, zuwa ƙasa. Ka kafa sandunan biyu nesa, inda ba za su tare hanya ba. Bayan ka juya ƙafar farko ka ɗora mata nauyi duka, sai ka miƙa ƙafa ta biyu baya, ka bar wutsiyar sikin ta faɗi, bakin zai taso da kansa kusa da gwiwarka. Sannan ka zagayo da shi dab da takalmin ɗaya ƙafar. Kai kana ɗaga gwiwa gaba ne, shi ya sa yake caka. Ka sami ɗan gangare mara haɗari ka yi ashirin zuwa hagu kawai.

Chamechaude ƙanƙararta tana saurin tafiya in Afrilu ya shiga, amma Belledonne tana kaiwa Mayu. In za ka zo, ka sanar da ni kwana uku kafin nan in duba sanarwa. Ka taho da wuƙaƙen, haka muke kiran ƙarfen daskararriyar a nan, don ƙarfe biyar na asuba za mu bar mota.